Hoton MRI da Sankarar Hanta: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Haɗarin Kamuwa

Hanta gaɓa ce mai haƙuri. Takan daɗe tana lalacewa ba ta yi wa mai ita ƙorafi ba, kuma sankarar da ke tsirowa a cikinta ta gaji wannan shirun. Kafin rama, ciwon gefen ciki da shawara su bayyana, sau da yawa ƙarin ya riga ya yi nisa. Alƙaluman hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke Liyon a Faransa sun nuna cewa a 2022 mutum sama da 860,000 ne suka kamu da sankarar hanta, sama da 750,000 kuma suka rasu sanadiyyarta. Kusancin lambobin nan biyu ya isa ya nuna cewa a makare aka fi gano ta. Ga tambayoyin da masu ciwon hanta da masu jinyarsu suka fi yi da zarar likita ya ambaci hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da ƙarfin maganaɗisu.

Su wa ake nufi da masu haɗarin kamuwa?

Na farko su ne waɗanda hantarsu ta taurare ta cika da tabo, abin da likitoci ke kira sirosis, ko ma mene ne ya jawo shi: ciwon hanta nau'in B ko nau'in C, shan barasa shekara da shekaru, ko kitsen da ke taruwa a hanta wanda yakan zo tare da ƙiba da ciwon suga. Na biyu su ne waɗanda suka daɗe ɗauke da ƙwayar cutar nau'in B, ko da hantar ba ta taurare ba. Wannan ƙwaya tana da wani hali na daban, domin tana iya cusa kanta cikin ƙwayoyin halittar hanta ta haifar da sankara ba tare da an bi ta kan tabo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ita a 2022, kuma akasarinsu ba su sani ba. Na uku shi ne wanda aka taɓa yi wa maganin sankarar hanta, don takan dawo.

Ba duk mai nau'in B ba ne haɗarinsa ya kai a sa shi cikin sahun dubawa. Ana kallon shekaru, jinsi, asali da tarihin dangi. Ƙungiyar likitocin hanta ta Amurka, a jagorarta ta 2023, ta ce a fara duba maza 'yan asalin ƙasashen da cutar ta yi yawa daga shekara 40, mata daga 50, 'yan asalin Afirka kuma tun kafin haka, saboda an lura sankarar kan same su da sauran ƙuruciyarsu. Wanda wani nasa na jini ya taɓa yin sankarar hanta shi ma yana ciki.

Lafiyata ƙalau nake ji. Me ya sa za a riƙa duba ni duk wata 6?

Domin lokacin da kake jin ƙalau ɗin shi ne lokacin da magani ke da amfani. Ƙarin da bai wuce santimita 2 ba ana iya yanke shi ko a ƙone shi, mutum ya ci gaba da rayuwarsa. Wanda ya girma har ya fara damun mai shi, zaɓin da ya rage kaɗan ne.

Wata 6 ɗin ba da ka aka yanke shi ba. Ƙaramin ƙari kan ɗauki watanni kafin ya ninka girmansa, don haka wannan tazarar takan ba da damar a kama shi yana ƙarami. A Shanghai ta ƙasar Sin an yi wani babban gwaji da mutum sama da 18,000 masu alaƙa da nau'in B, aka buga sakamakonsa a 2004: waɗanda aka riƙa gayyata duk wata 6 a yi masu sikanin da gwajin jini, mace-macen sankarar hanta a cikinsu ya ragu da kashi 37 cikin 100. An kuma gwada rage tazarar zuwa wata 3 a Faransa da Beljiyam, ba a ga ta ƙara kama sankarar ba, sai dai ta ƙara tono ƙananan abubuwan da ke tayar da hankali a banza.

Idan MRI ya fi gani, me ya sa ake farawa da sikanin?

Sikanin, wato irin na'urar nan mai aiki da sauti da ake duba masu juna biyu da ita, yana da sauƙin samu, ba ya ɗaukar lokaci, ba allura, kuma ana iya maimaita shi sau biyu a shekara har tsawon rai. MRI kuwa yana da tsada, na'urorin ba su da yawa, kuma mutum ɗaya kan cinye fiye da rabin awa. In aka ce duk mai haɗari a duniya ya riƙa shiga MRI duk wata 6, layin ba zai taɓa ƙarewa ba.

Amma a faɗi gaskiya, sikanin yana da rauni. Idan aka haɗa binciken da aka yi a wurare daban-daban, bai kama ko rabin sankarar da ke matakin farko ba idan shi kaɗai ne. In aka haɗa shi da gwajin jini na AFP, wani sinadari da sankarar hanta kan ɗaga a cikin jini, yakan haura zuwa wajen kashi 60. Hantar da ta yi tauri ta yi gudaji-gudaji tana da wuyar karantawa, kitsen ciki da iskar hanji kuma suna tare sautin. A Seoul ta Koriya ta Kudu an bi mutum 407 masu sirosis da haɗarinsu ya yi yawa, ana yi wa kowannensu hoton biyu. Sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna MRI ya kama kashi 86 na sankarar, sikanin kuma kusan kashi 28 kacal. Shi ya sa idan mai sikanin ya rubuta cewa bai ga hantar da kyau ba, bai kamata a ɗauki wannan a matsayin an duba an ga lafiya ba. Irin wannan mutumin ne ya fi cancanta a kai shi MRI.

Wai shi MRI ɗin mene ne?

Babban maganaɗisu ne mai rami a tsakiya, ana tura mutum ciki a kwance. Yana amfani da ƙarfin maganaɗisun da igiyoyin rediyo ya saurari ruwan da ke cikin tsokar jiki, kwamfuta ta mayar da abin da ya ji ya zama hoto. Babu hasken eksire a cikinsa. Na'urorin da aka fi duba hanta da su masu ƙarfin tesla 1.5 ne ko tesla 3. Mutum biyun da suka share fagen wannan hoto, Paul Lauterbur na Amurka da Peter Mansfield na Ingila, sun karɓi kyautar Nobel a 2003.

Ta yaya hoto zai bambance sankara da ƙullutun da ba shi da illa?

Nan ne ainihin hikimar take, kuma ba siffar ƙullutun kaɗai ake kallo ba, yadda yake shan jini ake kallo.

Jini na shiga hanta ta ƙofa biyu. Kusan kashi uku cikin huɗu yana zuwa ne ta babbar jijiyar da ke kwaso jini daga hanji da saifa, ragowar kuma ta jijiyar da ke kawo jini daga ɓangaren zuciya. Sankarar da ta fi yawa a hanta, wadda ke tasowa daga ƙwayoyin hantar kansu, tana juya wannan tsari. Yayin da take girma sai ta rabu da jinin hanji ta ƙirƙiro wa kanta sababbin jijiyoyi daga ɓangaren zuciya.

To idan aka yi wa mutum allurar sinadarin da ke haska jini a hoto, wanda ake kira gadoliniyam, jinin zuciya ne ke fara isa hanta. Wajen daƙiƙa 30 bayan allurar, ƙarin sai ya yi fari tas alhali sauran hantar tana nan da duhunta. Bayan minti 1 da 'yan kai, jinin hanji ya iso, hantar ta haska, shi kuma ƙarin sai a ga ya fi kewayensa duhu. Ana ƙara ɗaukar hoto bayan minti 3 zuwa 5 don a tabbatar. Kamar baƙon da ya riga kowa zuwa ya kuma riga kowa tashi. Wannan shiga da wuri da dushewa da wuri su ne babban tambarin cutar. Wani lokaci kuma akan ga siririn zobe mai haske ya kewaye ƙarin kamar ɓawo, shi ma alama ce. Haka nan idan ƙullutu ya ƙaru da rabin girmansa ko fiye cikin wata 6.

MRI ba a nan ya tsaya ba. Yana ɗaukar hantar ta fuskoki da dama kafin allurar: wani hoton yana nuna ruwa, wani kitse, wani sinadarin ƙarfe, wani kuma yana auna yadda ruwa ke walwala tsakanin ƙwayoyin tsoka, domin a cikin ƙari ƙwayoyin sun cunkushe. Da waɗannan ne ake gane jakar ruwa, ko dunƙulen jijiyoyin jini da ake kira himanjiyoma, waɗanda suna da yawa a hantar mutane kuma ba su zama sankara.

Da gaske ne ana iya yanke hukunci ba tare da an ɗebi tsokar hanta ba?

Da gaske ne, kuma wannan abu ne da ba kasafai ake samunsa a sauran cututtukan daji ba. Galibinsu sai an tsikari ƙarin da allura an ɗebo tsoka an duba a madubin likita. A nan kuwa, idan mutum yana cikin masu haɗari, ƙullutun ya kai santimita 1, kuma ya nuna cikakken tambarin da aka bayyana a sama, ana iya fara magani da hoton kaɗai.

Sharaɗin farkon nan shi mutane ke mantawa. Hoton ba ya magana shi kaɗai, sai an san hantar wa ake kallo. Sawun da aka gani a bakin ramin kura ba a yi masa fassarar da ake yi wa wanda aka gani a tsakar gida. A hantar da ta taurare, ƙullutu mai wannan hali kusan kullum sankara ce. A hantar mai lafiya kuwa akwai ƙari iri-iri marasa illa da su ma kan yi fari da wuri, don haka dokar ba ta aiki a kansa. Ba ta aiki kuma ga wanda bai kai shekara 18 ba, ko wanda taurin hantarsa ya samo asali daga toshewar jijiyoyin jini, saboda irin wannan hantar tana fitar da ƙullutai masu kwaikwayon sankara.

Me ya sa ake gudun allurar ɗibar tsokar in da hali? Hanta ce ke haɗa sinadaran da ke daskarar da jini, mai sirosis kuma jininsa ba ya saurin tsayawa. Akwai ɗan haɗarin ƙwayoyin sankarar su bi sawun allurar su tsiro a hanya, wajen kashi 2 zuwa 3 cikin 100. Sannan ƙaramin ƙullutu allura tana iya kuskure shi, a kawo sakamako mai daɗi wanda ba gaskiya ba ne. Duk da haka ɗibar tsoka ba ta mutu ba. Idan hoton ya bar shakka, ita ce alƙali.

Na ga an rubuta LR-3 a takardar sakamakona. Me ke nan?

Wani ma'auni ne mai suna LI-RADS da kwalejin likitocin hoto ta Amurka ta fito da shi a 2011, aka yi masa babban gyara a 2018, don likita a ko'ina ya fahimci abin da ɗan'uwansa ke nufi. LR-1 tabbas ba sankara ba ce. LR-2 da alama ba ita ba ce. LR-5 ita ce, kuma idan aka bi diddigin irin waɗannan ƙullutai ana samun kusan 95 cikin 100 haka ne. LR-4 da alama ita ce, wajen uku cikin huɗu. LR-3 kuwa tsaka-tsaki ne, kusan ɗaya cikin uku kan zama sankara. Akwai LR-M, wanda ke nufin ƙarin yana kama da mugu amma ba lalle irin na ƙwayoyin hanta ba, yana iya zama na bututun ruwan matsarmama ko wanda ya yaɗo daga wata gaɓa, kuma shi yawanci sai an ɗebi tsoka. LR-TIV kuma yana nufin ƙarin ya kutsa cikin jijiyar jini.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne da gangan aka tsaurara LR-5, don kada a yanke hantar mutum ko a yi masa dashe a kan kuskure. Sakamakon wannan tsananin shi ne sankara da dama na gaske sukan tsaya a LR-4 ko LR-3. Don haka LR-3 ba takardar sallama ba ce. Yawanci ana maimaita hoton cikin wata 3 zuwa 6, ko a canza zuwa wani nau'in hoton. LR-4 kuma akan kai shi gaban taron likitoci na fannoni daban-daban su yanke ko a ɗebi tsoka, ko a sake hoto nan kusa, ko a yi magani.

Sikanin ya nuna ɗan ƙullutu, likita ya ce in dawo bayan wata 3. Ba sakaci ba ne?

Idan ƙullutun bai kai santimita 1 ba, ba sakaci ba ne. Galibin irin waɗannan ba sankara ba ne, kuma sun yi ƙanƙantar da ko MRI ba ya iya tantance su da kyau. Sakacin shi ne a ce ka dawo ka ƙi dawowa. Idan kuwa ya kai santimita 1, ko gwajin AFP yana ta hawa, to ba jira, sai MRI ko CT (hoton cikin jiki da ake ɗauka da hasken eksire) mai allura.

MRI da CT wanne ya fi?

Dukansu an yarda da su, kuma ma'auni ɗaya ake karanta su da shi. MRI ya ɗan fi kama ƙananan ƙari, musamman waɗanda ba su kai santimita 2 ba, kuma ba shi da hasken eksire, abin da ke da muhimmanci ga wanda za a yi ta ɗauka shekara da shekaru. CT ya fi sauri nesa ba kusa ba. Ga wanda ruwa ya cika masa ciki, ko numfashi ke yi masa wuya, ko ciwon hanta ya sa hankalinsa ya ɗan gushe har ba zai iya bin umarni ba, CT mai kyau ya fi MRI da ya yi dishi-dishi. Idan ɗaya ya bar shakka, sau da yawa ɗayan ne ke warware ta.

Yaya ranar hoton take kasancewa?

Yawanci akan ce kada a ci abinci na wajen awa 4. Za a cire duk wani ƙarfe, a sa ƙaramar roba a jijiyar hannu, a kwantar da kai rigingine a ɗora wani faifai a kan ciki. Na'urar tana da ƙara sosai, kamar ana bugun ƙarfe, don haka za a toshe maka kunne, a kuma ba ka abin matsawa idan kana son a tsaya. Duka-duka minti 30 zuwa 45.

Aikinka ɗaya ne: riƙe numfashi. Hanta tana ƙarƙashin huhu, duk numfashi sai ta motsa. Za a riƙa ce maka ka riƙe na daƙiƙa 15 zuwa 20, sau da yawa. Wanda ya fi kowanne muhimmanci shi ne na farko bayan allura, domin wannan ɗan lokacin da ƙarin ke yin fari ba ya dawowa. In aka motsa a nan, ana iya rasa amsar gaba ɗaya. Ba laifi mutum ya gwada riƙe numfashin a kwance kwana biyu kafin ranar.

Allurar tana da illa? Ina da matsalar ƙoda.

Ga yawancin mutane ba ta wuce ɗan sanyi a hannu ko wani ɗanɗano a baki ba, kuma da wuya jiki ya ƙi ta sosai. Mai ciwon ƙoda kuwa dole ya faɗa. A 2006 aka gano alaƙa tsakanin gadoliniyam da wata cuta mai taurar da fata da gaɓoɓi ga waɗanda ƙodarsu ta gaza sosai, musamman masu wankin ƙoda. Tun da aka fara auna ƙoda kafin hoto, aka kuma koma ga nau'o'in sinadarin da suka fi aminci, cutar ta kusa ɓacewa. An kuma gano cewa ɗan burbushin sinadarin kan zauna a ƙwaƙwalwa bayan allura da yawa, shi ya sa a 2017 Tarayyar Turai ta dakatar da wasu nau'o'in, amma ta bar waɗanda ake duba hanta da su saboda amfaninsu.

An ce za a yi mini da wata allura ta musamman ta hanta. Me ya bambanta ta?

Wataƙila wadda ake sayarwa da sunan Primovist ce, ko Eovist a Amurka. Lafiyayyun ƙwayoyin hanta suna zuƙe kusan rabinta su fitar ta ruwan matsarmama. Bayan minti 20 hantar takan yi fari, duk abin da ba lafiyayyar tsokar hanta ba kuma ya fito baƙi, har ƙananan da da ba za a lura da su ba. Tana da nata cikas. Wasu takan sa su ɗan haki na 'yan daƙiƙu daidai lokacin da ake son su riƙe numfashi. Idan shawara ta yi yawa hantar ba ta zuƙarta da kyau. Kuma ba duk baƙin tabo ba ne sankara.

Ina da juna biyu. Zan iya yi?

Ki gaya wa likita tun kafin a sa rana. Hoton kansa ana yi wa masu ciki idan akwai buƙata, amma ana guje wa allurar gadoliniyam sai in ta zama dole. Ki kuma sani cewa AFP yana hawa da kansa lokacin goyon ciki, kada lambar ta firgita ki. Mai shayarwa kuwa tana iya ci gaba da ba da nono bayan allurar.

Mai ƙarfe a jiki fa, ko mai tsoron matsatsen wuri?

Na'urar daidaita bugun zuciya, na'urar ji da aka dasa a kunne, maƙalin jijiyar ƙwaƙwalwa, harsashi ko ɓarɓashin ƙarfe a ido, duk sai an faɗa. Da yawa daga cikin na zamani an ƙera su yadda za su shiga MRI, amma sai an duba takardarsu. Mai tsoro kuma akwai maganin kwantar da hankali, sai dai ga mai sirosis likita ne zai auna, don irin wannan magani yana iya rikita shi.

Mene ne gajeren MRI da ake magana a kai?

Ƙoƙari ne na rage hoton zuwa minti 10 ko 15 ta hanyar ɗaukar fuskokin da suka fi amfani kawai, don a yi amfani da shi wajen dubawar duk wata 6 a madadin sikanin. Sakamakon da ake samu yana da ƙarfafa gwiwa, musamman ga masu ƙiba da masu kitsen hanta da sikanin ba ya ratsa su. Amma mai nema ne, ba alƙali ba. In ya ga wani abu, yawanci sai an dawo an yi cikakken hoton.

Na warke daga nau'in C, AFP ɗina daidai, MRI bai nuna komai ba. Na huta ke nan?

Idan hantar ta riga ta taurare, a'a. Maganin nau'in C yana kashe ƙwayar cutar ya rage haɗarin sosai, amma tabon yana nan, kuma a cikin tabon sankara ke tsirowa. Haka mai shan tenofobir ko entekabir don nau'in B: haɗarin ya ragu, bai tafi ba. AFP kuma ba abin dogaro ba ne shi kaɗai. Sankara da dama ba su ɗaga shi, kumburin hanta kuma yana iya ɗaga shi babu sankara. MRI mai kyau yana ba da labarin ranar da aka ɗauke shi ne, bayan wata 6 sai a koma.

Idan an tabbatar sankara ce, hoton ya gama aikinsa?

Yanzu ma ya fara. Shi zai faɗi ƙari nawa ne, girmansu, a wane ɓangare suke, da ko sun taɓa jijiya. A kan wannan, tare da ƙarfin hantar da ƙarfin jikin mutum, ake zaɓar yanka, ko ƙonawa da allura mai zafi, ko toshe jijiyar da ke ciyar da ƙarin, ko magunguna, ko dashe. Ma'aunin dashen da aka fi sani, wanda likitocin Milan a Italiya suka buga a 1996, lissafin santimita ne zalla: ƙari ɗaya da bai wuce 5 ba, ko har uku da babu wanda ya wuce 3, babu kutse cikin jijiya, babu yaɗuwa waje. Bayan magani kuma da hoton ake duba ko wani sashe na ƙarin yana nan yana shan jini.

Saboda haka duk hoton da aka yi maka, ka karɓi kwafinsa a faifai ko a waya, ba takardar sakamakon kawai ba, ka riƙa zuwa da shi. Likitan hoto ba zai iya cewa ƙullutu ya girma ba sai ya ajiye na yau kusa da na baya ya auna.